Askin Rabin Kai

Sati uku na yi ina jin haushin mutumin nan kafin in san ko shi wane ne. A ɗakin da ake tara mu duk Talata da Alhamis, a hawa na biyu na asibiti, sashen masu raunin ƙwaƙwalwa, kujeru shida ake jerawa a zagaye, tawa kuma tana hagunsa. In na gaishe shi sai na maimaita kafin ya amsa, in ya amsa ɗin ma taga yake kallo. In aka zo zagayen magana zai saurari kowa har da gyaɗa kai, ana isowa kaina sai ya hau duba farcensa. Ni kuwa shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da lissafi, ban saba in yi magana a ƙi kallona ba, kuma tun da mota ta kwashe ni a ƙofar makaranta haƙurina ya ƙare, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wata Alhamis na buga hannun kujerarsa na ce, "Kai, wai raina ni ka yi ne, ko wani abu na yi maka?"

Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar mai ciwon wuya, ya gan ni, ya zabura. Ya ce, "Bawan Allah, yaushe ka shigo?"

Kofur, wani tsohon ɗan sanda da bakinsa ya rasa birki tun da ya faɗo daga bayan motar sintiri, ya yi dariya har da shaƙewa. Jami'ar da ke jagorantar zaman, wadda muke ce wa Anti duk da kusan dukanmu mun girme ta, ta bari ya gama, sannan ta nemi izinin mutumin ta yi mini bayani. Idonsa lafiya lau, in ji ta, kunnensa ma haka. Ƙwaƙwalwarsa ce ta daina kula da duk abin da ke hagunsa, ba ta ma san akwai abin da ta bari ba. Yakan cinye rabin farantinsa ya ce an yi masa rowa. Yakan doki ƙofa da kafaɗa ya zargi kafinta. Ta ƙara da cewa da gangan ta ajiye ni a wannan kujera, don duk ɗakin babu wanda ya kai ni hayaniya. Ban ji daɗin wannan shaida ba, amma ban musa ba.

Mai aski ne, haka kuma muke kiransa. Abin da zan faɗa a kansa daga littafina na kwaso shi, don ni tawa matsalar mantuwa ce, Anti ta sa ni rubuta komai, na kuwa rubuta har da abin da ba a sa ni ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, shekararsa arba'in da uku, tafin hannunsa laushi kamar bai taɓa ɗaga abu mai nauyi ba. Yana da shekara goma sha biyar ya shiga shagon yayansa, ya yi shekara biyu yana shara da wanke tawul, sannan aka ba shi kujera ta biyu, ta kusa da ƙofa. A bayan wannan kujera ya tsaya shekara ashirin da shida. A nan ya ga matarsa tana wucewa zuwa wurin aiki, ya yi ta yi wa mutane askin gaggawa don ya samu ya leƙa. 'Ya'yansa uku duk mata ne, yakan ce Allah ya yi shi mai aski ya kuma ba shi gidan da babu mai buƙatarsa. Ya ce shi ba ya gane mutane da fuska, da ƙeya yake gane su, kuma kowane kai akwai hanyar da gashinsa ke bi, in ka saɓa masa sai ya yi maka gardama. Wata safiya ya hau tsani zai canza ƙwan fitilar allon shago, tsanin ya zame, gefen kansa na dama ya sauka a bakin kwata. Kwana goma sha ɗaya bai san inda yake ba.

A sati na biyar ya ba mu labarin abin da ya kawo shi cikinmu. Bayan an sallame shi ya yi wata biyu a gida, ya ce shi garau yake, ya ɗauki kilifarsa ya koma shago. Tsofaffin kwastomominsa suka yi ta murna, suka zauna masa. Zai gyara gefen dama tsaf, ya fitar da layi, ya kakkaɓe, ya shafa hoda, ya cire ƙyalle, gefen hagu kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Mutum zai kalli madubi ya kalli Yaya, Yaya ya yi masa alama da ido, sai ya ce, "Ya yi kyau," ya kifa hula ya fita. Daga nan sai ya zagaya ta ƙofar baya, Yaya ya ce zai shiga ya ɗauko tawul, ya ƙarasa masa a tsaye a cikin ɗakin ajiya. Kwana tara suka yi suna wannan, unguwa guda ta haɗa baki. A rana ta goma wani baƙo ya shigo yana sauri, za shi ganawar neman aiki. Babu wanda ya tsara masa komai. Da aka cire masa ƙyalle ya yi ta faɗa, Mai Aski yana rantsuwa ya gama. Baƙon ya cafki hannunsa ya ɗora a kan gashin da ya bari.

"Na ji shi a hannuna," in ji Mai Aski. "Gashi cunkus. Na kalla, ban ga komai ba, amma ga shi a hannuna."

Ni dai ban iya yin shiru ba. Na ce, "Abokan nan naka matsorata ne."

"Ƙauna ce, Malam."

"Ƙaunar banza. Sun mai da kai abin wasa."

Anti ta ɗaga mini hannu, amma shi bai ji haushi ba. Ya ce abin da ke cinsa ke nan. Yanzu in matarsa ta ce rigarsa ta zauna daidai bai san ko ya yarda ba. In 'yarsa ta ce ya cinye abincinsa sai ya shafa farantin da yatsa. Yaya kuwa tun ranar ya lulluɓe kujerar da tsohon zanen gado, ya ce zai riƙe masa ita wata huɗu. Shi Yayan ya doshi sittin, bayansa na ciwo, layi ya yi masa yawa, ga wani mai aski daga wani titi yana ta zarya yana neman wurin. In wata huɗun suka cika bai iya gama kai guda ba, za a ba wancan. Da Anti ta ce kowa ya faɗi abin da yake son cim ma, wasunmu suka yi ta kewaye-kewaye. Shi kuwa cewa ya yi, "Kujerata."

Aikin da ake ba shi bai yi masa ba. Takarda ce cike da haruffa, a ce ya soke kowane "ba" da ya gani, sai ya soke na rabin shafi ya ajiye biro yana jiran yabo. Anti ta manna jan tef a gefen hagun tebur, ta ce kullum ya nemi jan nan kafin ya fara. Yana yi, amma yana gunaguni, wai shi ba takarda yake yi wa aski ba. A cikinmu akwai wata mata tela, wadda jijiya ta fashe mata a kai, magana ta zame mata aiki. Kalma ɗaya sai ta ɗauki lokacin da wani zai sha kofin shayi, kuma Anti ta hana a ƙarasa mata. Ni ne na fi kowa karya wannan doka. Rannan Tela ta ɗaga hannu, muka zuba mata ido, na danne harshena da haƙori.

"Ka... fara," ta ce, ta tsaya, gumi ya tsattsafo mata a hanci. "Daga... inda... ba ka so."

Ta nuna da hannu yadda take kafa allura a wurin da ta san za ta manta kafin ta hau keke. Mai Aski ya daɗe yana kallonta, don ita a damansa take. Ya ce wa Anti shi kai yake so, na gaske, mai kunne biyu. Kofur ya cire hula ya ce ga nasa kyauta, kansa kuwa sanƙo ne tun daga goshi har ƙeya, ko ƙuda sai ya zame. Sauran maza biyun ɗaya yana da ɗinki a ka, ɗayan matarsa ta ce ba da ita ba. Ido ya dawo kaina. Na ce ni fa ban yi alkawari ba, Kofur ya ce ai bakina ne ya yi, tun ranar da na kira mutane matsorata.

Sai da Anti ta yi sati biyu tana neman izini. Aka yarda da kilifa mai murfi kawai, ban da reza, ban da almakashi, a ɗakin motsa jiki inda akwai famfo da kujera mai juyawa. Ranar farko ya ɗaura mini ƙyalle, sai na ga wani mutum daban. Kafaɗarsa ta miƙe, yana 'yar waƙa a maƙogwaro, yana karkata kaina da yatsa biyu kamar kayansa. Ya fara daga hagu yadda Tela ta ce, ya yi zubi biyu, sai kilifar ta ja shi dama ba ta dawo ba. Da ya gama ya miƙo mini madubi yana murmushi. Kofur ya faɗo daga benci don dariya.

Na ce, "Ka yi mini rabi. Rabin ma ba daidai ba, ka bar mini hanya biyu kamar wanda akuya ta lasa."

Ya ce ƙarya nake. Na kama hannunsa na ɗora. Ya tsaya, fuskarsa ta canza, ya yi jifa da tawul ya fita, ya doki ƙofa da kafaɗa a hanya. Anti ce ta ƙarasa mini, ita kuwa ba sana'arta ba ce. Matata da ta gan ni cewa ta yi in dai wannan ne maganin, gara mantuwar.

Talata bai zo ba, Alhamis bai zo ba. Na damu ƙwarai, har na rubuta a littafina cewa ni na kore shi. A zaman da ya biyo baya sai ga shi da leda, a ciki akwai tsohuwar ƙwallon 'yarsa da ya manna wa kunnuwan kwali. Kwana bakwai ya yi yana zagaya ta a gida. Ya tsaro wa kansa hanya. Hannunsa na hagu zai kama kunnen mutum na hagu tun kafin ya kunna kilifa, ba zai saki ba sai ya gama wannan gefen. Ya raba kai gida biyar, yana ƙirgawa a fili. In ya gama zai juya kujerar zagaye guda a hankali, don kowane gefe ya bi ta damansa. Daga ƙarshe zai rufe ido ya bi kan duka da tafin hannu. Ya ce idon nan ya daina ɗaukarsa shaida. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, ya dai dubi kaina ya ce gashina ba ya saurin fitowa, abin takaici.

Daga nan muka shiga farautar kawuna. Mun samo masa mai shara, da mai tura keken marasa lafiya, da mai gadin ƙofar baya wanda Kofur ya tsorata da muryar aiki. Ni duk bayan sati biyu nake zama. Wata rana ya gama lafiya, wata rana ya bar tsibiri. Ni nake rubutawa, daga rubutun muka gano cewa kai na farko da na biyu ba ya kuskure sosai, na uku ne ke kayar da shi, kuma in ana hira a kusa lissafinsa yana tsinkewa. Wannan bai yi masa daɗi ba, mutumin da a da yake yin kai ashirin a wuni yana musun ƙwallo. Ya faɗa a zaman cewa yana jin kunya. Tela ta ɗauki lokacinta ta ce ita yanzu maɓalli huɗu take sawa a wuni, kuma suna zama. Kofur ya buɗe baki zai yi dariya, ya toshe da hularsa, abin da Anti ta yi wata uku tana koya masa. Ni kuma a ranar na bar Tela ta kai ƙarshen maganarta.

Da wata huɗu suka cika Yaya ya sa ranar Asabar da safe. Anti ta ce ita ba za ta je ba, shagon ba nata ba ne. Kofur ya so zuwa, muka haɗu muka hana shi. Na tara gashin sati uku, matata ta rubuta mini kwatance a littafi, duk da haka sau biyu na wuce wurin. Shago ne ƙarami, kujera biyu, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, benci a jikin bango, rediyo a kan kanta tsakanin kwalaben man gashi. Yaya dogo ne mai furfura, marar magana, yana tafiya a ɗan duƙe. Ya gaishe ni, ya yaye zanen gadon da kansa, ya kakkaɓe, ya koma kan wanda yake yi wa aski a kujerarsa, wadda ke damanmu. Bai kashe rediyon ba. Na so in yi magana, Mai Aski ya ce in bari, haka shagon yake.

Ya kama kunnena, hannunsa da sanyi. "Ɗaya," ya ce, kilifa ta fara kuka. Mutum uku a benci suka zuba ido kamar a kotu. Ya gama ɗaya, ya shiga biyu, wato bayan kunne. Ana cikin haka wani tsohon abokinsa ya leƙo ta taga yana kwaɗa masa kira, yana murnar ganinsa a tsaye. Mai Aski ya juya ya amsa, suka yi gaisuwar iyali, mutumin ya wuce. Na ji hannunsa ya saki kunnena. Da ya dawo cewa ya yi, "Uku." Ban ce komai ba, don ban tabbata ba, ni da nake manta abin da na ci da safe. Ya yi huɗu, ya yi biyar. Ya juya kujerar, amma gwiwata ta tokare kantar, ba ta cika zagayen ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Minti arba'in ya ɗauka, duk ya gaji, ina ganin yadda yake ɗokin a ce an gama. Bai rufe ido ba. Ya kakkaɓe ni ya cire ƙyalle.

Iskar fanka ta bi kaina ko'ina ban da wuri ɗaya. Na kai hannu kamar zan sosa, na ji shi a bayan kunnen hagu, faɗin yatsa biyu, gashin sati uku yana nan daram. Yaya ba ya hango wurin daga inda yake. Na benci kuwa duk suka sunkuyar da kai. A madubi na ga fuskar Mai Aski, da ta Yaya a gefe ya dakatar da almakashi yana jira.

"Malam, ya ka gani?"

Wallahi na san abin da ya kamata in ce. Amma na tuna ƙwallon nan mai kunnuwan kwali, na tuna wani yana can yana jiran kujerar. Tausayi ya kama ni, ya fi ƙarfina. Na ce, "Ya yi kyau," na miƙa hannu ga hulata.

"Ajiye hular nan."

Ya faɗa a hankali, amma kowa ya ji. Ya ce, "Sau shida ina yi maka aski. Ranar da ya fi kowanne kyau cewa ka yi ba laifi. Zauna, Malam."

Na zauna. Ya rufe ido ya ɗora tafin hannu a goshina, ya bi a hankali, ya gangara dama, ya zagayo ƙeya, ya hau hagu, ya tsaya. Yana iya kunna kilifa ya share shi cikin daƙiƙa biyar, babu mai tona shi. Sai ya ce, "Yaya, zo ka gani. Na bar nan. Mai gaisuwa ne ya tsinke mini lissafi, kuma na yi gaggawa ban shafa ba."

Yaya ya zagayo ya duba, ya daɗe yana dubawa. Mai Aski ya kama kunnena, ya ce "Biyu," ya gyara, ya matsar da kujerar baya ya juya ta cikakken zagaye, ya sake rufe ido ya shafa tun daga farko. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Wata uku ina zagin mutanen bencin nan a ɗakin asibiti, ashe zama a kujerar shagon ne kawai ban yi ba.

Yaya ya koma ya ƙarasa wa nasa mutumin. Ya wanke hannu, ya goge, ya rage muryar rediyo. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli ƙanensa ba, "Safiya kawai. Ka yi wa mutum biyu ka huta. Reza tana wurina sai na ga hali. In kana aiki ba ka amsa gaisuwar kowa, ni zan amsa."

"To, Yaya."

"Ka yi ɗaya. Saura ɗaya."

Mai Aski ya dubi benci yana neman wanda zai taso. Babu wanda ya motsa, don Yaya ya riga ya cire hularsa ya rataye. Na tashi na ba shi wuri. Ya zauna da ƙyar saboda bayan, ya ja ƙyallen ya ɗaura wa kansa, ya rufe ido.

Mai Aski ya tsaya a bayansa ya kasa kunna kilifar. Ya goge fuskarsa da tawul sau biyu. Yaya ya ce, "Kunnen yana nan inda yake, kama mu tafi, mutane na jira."

Ya kai hannu ya kama. Muryarsa ba ta fita sosai ba, amma na ji ya ce, "Ɗaya."